Maganar Inna a Gidan Hayaniya

Ni ce ɗiyar fari a wurin Inna, don haka tunda na buɗi ido ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In tana son a kira ni sai ta ce wa ƙanwata, "Kira min waccan." Ko ina zaune gabanta, ƙanwar tawa take duba ta ce, "Tambaye ta ko ta ci abinci." Ni kuma in ba ƙanwata amsa, alhali kunnen Inna ya fi nata kusa da bakina. Haka ake yi a ƙauyenmu da ke bayan Hawandawaki: uwa tana kunyar ɗanta na fari, ba ta kiran sunansa, ba ta haɗa ido da shi, kuma ba wanda yake ɗaukar abin ƙiyayya. Da aka yaye ni aka miƙa ni wurin gwaggona a Tasawa. Ita ta sa ni lakwal, wato makarantar boko, a gidanta aka yi bikina, a hannuna kuma ta rasu. Inna sai da salla da hutu nake ganinta, mu gaisa a kaikaice, ta sa a cika min jaka da wake da kuka, in dawo.

Ban taɓa kai ƙara wurin kowa ba. Amma in na ce abin bai dame ni ba na yi ƙarya. Ina malamar lakwal, ina yini ina kiran sunayen 'ya'yan mutane, sai in koma gida ina tunanin yadda nawa zai fito a muryarta.

A shekarar da ciwo ya kama Inna, ƙanwata tana jego, ba ta da halin rako ta likita. Aka sa Inna a motar wani ɗan kasuwar ƙauyenmu da zai zo Tasawa sarin kaya, aka buga min waya in tare ta. Ya sauke ta da hantsi, ya ce shi fa da la'asar sakaliya zai juya, don hanyarmu yashi ce, ba ya son duhu ya same shi a kanta. Na ga ta rame, idonta ya yi ruwan ɗorawa, zanen da ta saba ɗaurawa ya zagaye ta har ya yi saura. Tun daren jiya ba ta sa komai a ciki ba, saboda an ce za a ɗebi jini.

Muka yini a layi. Aka ɗebi jinin, aka shafa mata mai a ciki aka duba da na'ura. Likitan ya dube ni ya juya harshe zuwa Faransanci. Ya ce hanta ce, abin ya yi nisa, a ba ta maganin rage zafi a bar ta ta zauna cikin 'yan uwanta. Inna ba ta jin Faransanci, amma ba ta tambayi abin da ya ce ba. Ta gyara mayafinta, ta yi masa godiya, ta riga ni fita.

A bakin ƙofa, ƙarƙashin wani itacen dogon yaro, ta tsaya. Tana kallon ƙasa ta ce, "Ina da magana da ke."

Na waiwaya in ga da wa take. Babu kowa sai mai sayar da ruwan leda can nesa. Tunda nake ba ta taɓa nufo ni da magana kai tsaye ba, sai yau, kuma na san abin da likita ya faɗa, na kuma gane ita ma ta sani. Na ce, "To, Inna." Ina dube-duben inda za mu zauna, sai ga motar ofishin maigidana ta tsaya gabanmu.

Maigidana mutumin kirki ne, wannan kam ba na hana shi. A birnin Maraɗi ya tashi, yana aiki da wani proje na noma. Sun taɓa tura shi sitaj na ƙaro ilimi ƙasar Japan na ɗan lokaci kaɗan, amma labarin tafiyar har yau bai ƙare ba. In ka ba shi ruwa ya sha sai ka ji yadda ake ba da ruwa a can. Abin da ya fi burge shi kuwa gidajen cin abincinsu na bayan tashi aiki: wai mutane su cunkushe a kan dogon tebur, wanda ka sani da wanda ba ka sani ba, a riƙa kawo abinci kaɗan-kaɗan a ƙananan farantai da muke kira asiti, ma'aikata su haɗa baki su kurma wa duk wanda ya shigo sannu da zuwa. Ya yi ta ba wani abokinsa mai gashin nama wannan labari har abokin ya kafa rumfar kwano a bakin babban titi, kusa da inda motocin Maraɗi da Damagaram suke tsayawa, ya yi duk yadda aka ce masa. Giya ce kawai bai kawo ba. A madadinta ya kawo tele ta kallon ƙwallo mai faɗin ƙofar ɗaki da lasifika huɗu-huɗu. Tun daga ranar maigidana yake ji kamar rabin wurin nasa ne.

Ya sauko ya durƙusa ya gaishe ta. Ta juya masa gefe ta amsa ciki-ciki, yadda ake amsa wa suruki. Da ya ji tun jiya ba ta ci komai ba sai ya zabura.

"Subhanallahi! A'a, Inna ba ta shiga mota da yunwa. Madam, mu tahi wurinmu, ai kusa da tasha yake."

Na ce masa a hankali, "Ka bar mu mu samu inuwa, in saya mata hura."

"Hura? Inna ta zo Tasawa ki ba ta hura? Mais non." Kafin in sake buɗe baki ya ɗauki ƙullin kayanta ya sa a mota.

Gidanmu yana can ƙarshen gari, kuma Inna ba ta shiga gidan suruki in ba haihuwa aka yi ba. Musu da miji a gabanta kuwa ya fi mata ciwon hantar zafi, don cewa za ta yi an ɓata tarbiyyata. Na haɗiye abin da ke bakina. Na ce a raina, a ci a tashi da wuri, ko a bayan motar ɗan kasuwan ne mu tsaya ta faɗi maganarta.

Ashe ranar ana buga ƙwallo a tele, irin wasan da ko masu kabu-kabu suke ajiye babura su zo kallo. Tun daga titi ake jin rumfar tana girgiza. Wutar gari ta ɗauke, an tayar da gurup, injin wuta, a bayan katanga yana ta kwarara ƙara. Hayaƙin gashi ya cika ƙofa. Muna sa ƙafa ma'aikatan suka haɗa baki, "Sannu da zuwaaa!" ɗaya kuma ya maka ludayi a kan faranti. Inna ta ja da baya har ta taka min ƙafa. Ta ɗauka faɗa ne ya ɓarke. Ta ce, "Lahiya? Mi ya hwaru?" Maigidana yana ta murmushi, yana jiran a yaba.

Babu wurin zama sai wani lungu a jikin bango. Aka matsa mana a dogon benci. Ni na shige can ƙurya, bango a haguna, Inna a damana, bayan ita wata mata baƙuwa da jakar tafiya a kan cinya. Daga matar sai jerin maza har ƙarshen benci, duk sun karkata ga tele. Maigidana ya zauna gabanmu, daidai saitin Inna. Ɗaya daga cikin lasifikan yana rataye a kan kawunanmu, mai sharhin ƙwallo yana ta zuba kamar ana bin sa da bulala. Daga kicin kuma wani kiɗan daban yake tashi, don masu girki sun ce su ƙwallo ba ta dame su ba.

Aka fara jero ƙananan asiti. Tsire tsinke kaɗan, gasasshen zabo an yayyanka, awara, soyayyen dankali, dambu da zogale, wani ɗan kifi da ya ƙone a gefe. Inna ta dubi asitin nan, ta dubi na maƙwabta, na ga leɓenta ya motsa. Wannan kam na ji, don lokacin mai sharhi ya tsaya shan numfashi. Cewa ta yi, "Wanga na yara ne?" Da a wani wuri ne da na yi dariya.

Maigidana ya tura mata asitin zabo. "Bisimilla, Inna!"

Ta naɗe hannuwanta cikin mayafi. "Alhamdu lillahi, na ƙoshi."

"Ko kaɗan, Inna! Ki taɓa wanga, babu irinshi a Tasawa!"

Mutumin da ya yi karatu har ya ƙetare teku, amma bai tuna cewa tsohuwa irin Inna ba ta tauna a gaban mijin ɗiyarta ba. Balle a cikin taron maza, a bakin titi. Ko da yunwa za ta kashe ta, da hannu a naɗe za a ɗauke ta. Na harare shi, yana kallon tele da ido ɗaya. Na kai masa shuri ta ƙarƙashin tebur, na samu ƙafar wani bawan Allah da ke gefensa, ya zabura ya dube ni, na ba shi haƙuri da hannu. Raina ya ɓaci ƙwarai. Rana tana ta sauka a kan kwanon rumfar, ina ganin inuwar ƙofa tana tsawo, shi kuma yana ta bayanin yadda ake gasa kaza a Japan, ba wanda yake jin sa. Daga ƙarshe na miƙe rabin tsaye, na kai bakina kunnensa na ce masa da Faransanci ya tashi ya ba mu wuri. Sai a lokacin ya dubi hannuwan Inna. Kunya ta rufe shi. Ya ce zai je ya gaida mai wurin, ya kutsa cikin masu kallo, ya ba mu baya.

Duk da haka ba ta taɓa abincin ba, saboda idon mutane. Baƙuwar matar nan ce ta lura. Ba yarinya ba ce, za ta girme ni nesa ba kusa ba, da koren mayafi, tana cin dambu da hannu alhali kowa da cokali. A bayan hannunta na dama akwai tabon ƙuna mai faɗi, fari-fari, irin na tafasasshen mai. Ta dai karkace, ta ɗora gwiwar hannu a tebur, ta saki mayafinta ya sauko ya tare tsakanin Inna da mazan nan. Da ɗaya hannun ta jawo asitin dambu ta ajiye cikin wannan ɗan labulen. Inna ta dube ta. Sannan ta zaro hannu ta tsakuri dambun ta kai baki. Ta yi haka sau kaɗan, ta kurɓi ruwa. Na ji daɗi har ƙwalla ta taru min, na yi wa matar godiya da kai.

Ina shirin in ce mu tashi mu fita waje, sai na ga Inna ta goge yatsunta, ta gyara zama. Ta taɓa gwiwata da bayan hannu, sau ɗaya, don in san da ni take. Sannan ta kau da fuska daga gare ni, yadda ta saba tun ina yarinya, ta fara magana.

A nan ne fa. Ban taɓa zaton a nan za ta yi ba. Daga baya na yi ta juya abin, na ga ƙila hayaniyar ce ta ba ta ƙarfin hali. A wuri shiru, daga ni sai ita, da nauyin bakinta ya hana ta. A nan kuwa ba mai kallonta, ba mai saurare, muryarta ma ba ta dawo mata kunne balle ta ji kunyar kanta. Amma da yake ba za ta iya fuskanta ta ba, bakinta yana wajen kafaɗar baƙuwar nan. Ni ƙeyarta nake gani, da ɗan kunnenta na azurfa, da muƙamuƙinta yana motsi.

Ban ji komai ba. Ko kalma ɗaya.

Na matsa na kai kunnena kusa da kuncinta. Ta ƙara karkata can, don a wurinta matsowar tawa rashin ta-ido ne. Na ce, "Inna, ban ji ba." Ni kaina ban ji muryata ba. Na ɗaga murya, "Inna, mu hita waje!" Mai sharhi ya kurma ihu, mazan bencinmu suka buga tebur, asiti suka yi tsalle. Ba ta tsaya ba. Mutumin da ya riƙe magana tsawon rayuwarsa, in ya kwance bakinta ba ya tsayawa jin ko an ce wani abu. Na ɗaga wa wani ma'aikaci hannu, na nuna masa lasifika, na yi alamar a rage. Ya ɗaga min babban yatsa, ya tafi, ya dawo da zoɓo mai sanyi. Na hango ƙeyar maigidana can gaba, na yi ta ɗaga hannu kamar mai tsayar da mota. Shi kuwa don kara ya ƙi waiwayowa, wai kada ya ga surukarsa tana ci.

Na dubi hanyar fita. Bango a gefena, tebur a ƙirjina, Inna a ɗaya gefen. In zan fita sai na tsallake ta, kuma in na katse ta na san ba za ta sake ɗauka ba. Na zauna. Abin da ya rage min shi ne in kalli hannunta. Na ga ta sauke tafinta ƙasa-ƙasa kusa da benci, yadda ake nuna tsawon ƙaramin yaro. Ta daɗe da shi a haka. Sannan ta ɗauke ta dafe ƙirji. Can ta yi nuni da yatsa wajen arewa, ta girgiza kai. Ta sa gefen mayafi ta share hanci. Ban taɓa ganin Inna tana kuka ba, ko ranar da aka fita da mahaifinmu, kuma ranar ma ban ga idonta ba, kafaɗarta kawai na gani tana rawa.

Sai na lura baƙuwar ta daina ci. Hannunta mai tabo ya tsaya a sama da dambu a ciki. Ta sunkuyo da kanta har goshinta ya kusa taɓa na Inna. Idonta ya ciko. Tana ji. Duk abin da uwata ta tara min tun ranar da aka yaye ni yana zuba a kunnen matar da ba ta san ko sunan ƙauyenmu ba. Kishi ya kama ni, kishi na gaske, har na ji ɗaci a bakina. Bayan shi kuma sai wani sanyi ya sauko min, na ce to ai ba a yi asara ba, ga wadda ta ji, in an tashi in ja ta gefe ta maimaita min.

Inna ta kai aya. Ta sauke ajiyar zuciya, ta sake naɗe hannuwanta. Matar ta ɗago ta dube ni ta saman kan Inna, ta daɗe tana kallona, tana gyaɗa kai a hankali. Na buɗe baki in roƙe ta ta jira ni.

A lokacin bis ɗin Damagaram ya danna oda a waje, doguwa, ya sake dannawa. Matar ta zabura. Ta dauraye hannu a kwanon ruwa, ta kama hannun Inna da hannu biyu, ta faɗa mata wani abu a kunne, ta rungumi jakarta ta tsallake benci. Na ce, "Hajiya! Baiwar Allah, tsaya!" Ban rufe baki ba aka zura ƙwallo a raga. Rumfar nan gaba ɗaya ta miƙe tsaye. Benci ya ɗaga da mu, wani ya faɗo kan teburinmu, zoɓo ya kife, ma'aikata suna ta dukan faranti. Na yunƙura zan haye teburin, wallahi da na haye, da zanena da matsayina na malama. Sai na ji an riƙe min wuyan hannu.

Inna ce. Ko tsoro ne, ko jiri ne ya ɗebe ta, ban sani ba. Ta damƙe ni da yatsunta masu zafi, ta ƙi saki. Tunda na yi wayo fatarta ba ta taɓa zama a kan tawa haka ba. Ina kallon koren mayafin yana kutsawa tsakanin kawunan mutane, ya kai ƙofa, ma'aikata suka kurma masa sai an jima. Ban fizge hannuna ba. Ko yau aka maimaita ban san yadda zan fizge ba.

Kafin mutane su zauna mu samu hanya, bis ya yi nisa.

Ɗan kasuwan yana jiran mu a tasha, ya ɗaure buhunansa, yana ta duban rana. Maigidana ya tsaya nesa da ƙullin kayan. Aka ba Inna gaban mota. Na tsaya jikin taga, nan kam ana jin magana, na ce, "Inna, wallahi ban ji abin da kika hwaɗa ba. Ƙara ta yi yawa. Ki sake hwaɗa min."

Ta sunkuyar da kai, na ga tana murmushi. Ta dubi mai motar ta ce, "Ka gani ko? Gwaggonta ta yi tarbiyya, Allah shi jiƙanta."

A wurinmu, ɗiya mai kunya in uwa ta buɗe mata ciki, ba ta nuna ta ji. Ta kau da kai, ta yi kamar maganar ta wuce ta sama, don kada ta kunyata uwar. Abin da Inna ta ɗauka nake yi ke nan, kuma ya yi mata daɗi. Na ce, "Ba kara ba ce, Inna, na rantse ban ji ba." Ta ƙara faɗaɗa murmushin, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Mai mota ya ce, "Malama, rana tana hwaɗuwa," ya tayar.

Abin da na faɗa wa maigidana a gida ba zan rubuta shi ba. Ya shanye, don ya san shi ya ja. Da ya gane abin da aka rasa sai ya fi ni rikicewa. Ya koma wurin abokinsa, aka tara ma'aikata, ba wanda ya tuna da wata mai koren mayafi, mutum nawa ke shiga ranar ƙwallo. Ya je wurin masu bis, suka ce mata masu koren mayafi kullum sai sun ɗauka, wasu su sauka a hanya, wasu su wuce har gabas da Damagaram. Ya dawo ya ce min, "Ai sai ki tahi gida ki tambaye ta, c'est simple."

Na tafi ɗin. Ruwan farko ya sauka, ana shuka. Na same ta kwance a ɗaki, ƙanwata a gefe da jaririnta. Muka koma yadda muka saba. Na ce wa ƙanwata, "Ki ce mata maganar da ta yi min a Tasawa ban ji ba, ƙara ce ta hana." Ƙanwata ta maimaita. Inna ta juya fuska bango ta ce, "Ki ce mata ya isa haka, na san ta da kunya. Ta riƙe abin da na ba ta." Ƙanwata ta ga ina kuka, ta ce, "To Inna, ni ki hwaɗa min, in hwaɗa mata." Ta ce, "Ba taki ba ce."

Na jira ɗakin ya zama daga ni sai ita, na durƙusa bakin gado na roƙe ta. Shiru ne a ɗakin, har kukan kurciya ana ji daga kan rumbu. Ta rufe ido. A irin wannan shirun ba za ta iya ba, na kuma ga alamar naci na yana wahalar da ita, yana ɓata mata abin da ta ɗauka ta sauke lafiya. Na bari. Zuwana na biyu ba ta gane mutane sosai. Ta rasu gero yana fitar da kai.

Na yi ta yi wa maganar nan riguna. Wata rana in ce haƙuri take ba ni na miƙa ni da aka yi ina ƙarama, shi ya sa ta nuna tsawon yaro. Wata rana in ce wani ɗa ne ta rasa kafin ni ko bayana da ba a taɓa faɗa mana ba. Nunin da ta yi arewa, ƙanwata ta ce ƙila dangin uwarta ne na wajen Issawane da zumunci ya yanke da su, tana so in neme su. In kuwa wasiyya ce ta bar min, to ga ni zaune ban cika ba, ita kuma ta tafi da tabbacin na riƙe. Wannan ne yake hana ni sukuni. Wani lokacin kuma in ce ƙila cikin maganar ta kira sunana.

Rumfar tana nan, ta ma ƙara girma. Na tsani wurin, ƙararsa tana sa min ciwon kai, hayaƙinsa yana kama min tufafi. Amma in na tashi daga lakwal da yamma, lokacin da motocin gabas da na yamma suke tsayawa, sau da yawa can nake nufa. Ma'aikatan sun san ni, ihun da suke min ya fi na kowa. Mai wurin yana nuna ni ga baƙi, wai ga malamar da ba ta iya kwana biyu ba ta ci dambunsa ba. Ina zama a lungun nan na jikin bango, in sa a kawo asiti ɗaya, in yi ta juya cokali a ciki. Fuskar matar ta fara ɓace min, mayafi kuma ana canzawa, don haka hannuwa nake bi da kallo. Na taɓa cafke hannun wata fasinja tana wanke shi, ashe lalle ne ya kwaɓe mata. Na ba ta haƙuri, ta matsa nesa da ni.

Maigidana ya daina labarin Japan a gabana. Wani lokacin ya zo ya tsaya da mota a ƙetaren titi, ba ya shigowa, sai na fito. Rannan a hanya ya ce min a hankali, ko da na same ta, matafiya ce da ta ji zancen wata tsohuwa tana jiran mota, ƙila kafin ta kai gida ta manta. Na ce masa na sani, na riga shi tunanin haka. Washegari da aka tashi lakwal na koma na zauna. Bis ya tsaya, mata suka sauko suna gyara mayafi, ma'aikata suka kurma musu sannu da zuwa, na ajiye cokali na fara duba hannuwansu.